Buhunan Yashi

Duk wanda ya ce maka dabarar buhunan nan ta mai kemis ce, ka turo shi ya maimaita a gabana. Tawa ce. Daga kaina ta fito, kan da bai taɓa shiga aji ba, amma ya ɗauki kayan da jaki zai gani ya kwanta. Dako na yi tun gashina yana baƙi, a babban sito na bakin tasha, lokacin da garin nan yake gari. Mota ta taɓa danne ni na tashi. Sa ya taɓa sukata a cinya, washegari aka yanka shi, ni kuwa na fito aiki. Ƙugiya ake ce mini, sunan ƙarfen da muke cafkar buhu da shi.

Da aka karkatar da babbar hanya ta bar mu a gefe, garin ya fara zubewa. Sito ya rufe, shaguna suka bi shi. Gidaje suka koma na ƙadangaru. 'Ya'yana suka watse ɗaya bayan ɗaya, sai Auta kaɗai ya rage, da matarsa da yaransu. Shi ma wata rana ya same ni yana sosa ƙeya, ya ce in aka gama girbi babu wani aiki a garin, zai kwashe iyalinsa ya bi yayyensa. Na ce masa ya gwada ya ga ikon Allah. Amma na san da gaske yake, don yaron ba ya magana biyu. Halina ya ɗauko.

Ana haka mai kemis ya kafa kwamitin jawo baƙi. Fili kyauta ga mai son buɗe sana'a, gida kyauta ga mai iyali. Aka yi ta shela, ko kare bai leƙo ba. Daga baya wani mai kamfanin niƙa hatsi ya aiko cewa zai zo ya duba. Sai dai ya ce shi ba ya kafa inji a garin da babu hatsi kuma babu mutane. Mu kuwa abubuwan nan biyu su ne ba mu da su. Manomanmu tun a gona suke sayarwa, mutanen kuma in ka cire tsofaffi, sauran ba za su cika akori-kura ba.

A taron kwamiti kowa ya rafka tagumi. Na miƙe na ce musu ai buhu ba ya magana. A ɗebo yashi a rafi, a cika tsofaffin buhunan sito, a ɗinke, a jera su har rufi. Sahun gaba da na sama a sa hatsin gaske, kowane gida ya ba da aron nasa. Tela ya yi dariya har ya ƙware, ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na ce masa ya tanadi allurarsa, shi ne zai ɗinke. Shi ya ɗinke kuwa, Allah ya jiƙansa.

Ni na jera buhunan, kuma tun da aka gina siton nan ba a taɓa yi masa jeri mai kyan wannan ba. Aka yi wa shagunan bakin tasha fenti, aka zaunar da tsofaffi a ciki da gwangwanayen da babu komai. Surukata ta bi gidajen da suka zama kango tana shanya wanki a igiya, don a ce da mutane. Mai kemis kuma ya bi kasuwannin maƙwabta yana baza labari cewa sitonmu ya cika maƙil. Ni ma na faɗa a inda na zauna, kuma ban yi ƙarya ba, ai a cike yake.

Da hantsi mai kamfani ya iso, shi da direbansa, cikin fararen kaya. Na gaisa da shi, hannunsa kamar na jariri. Auta aka sa ya zaga da shi. Da suka shigo sito mutumin ya ɗaga kai ya bi jerin da kallo har rufi. Ya soki buhu ɗaya a sahun gaba, hatsi ya zubo masa a tafi. Ya fara tambayar Auta inda wutar lantarki ta bi, da yawan samarin da za a iya ɗauka aiki. Na ga fuskar yaron ta washe.

A lokacin ne wata babbar mota rufe da tamfol ta yi baya-baya zuwa ƙofar sito. Mu muka zaci ta kamfani ce, har mata suka fara tafi. Shi kuma mai kamfani ya zaci masu sayen hatsinmu ne. Mai kemis ya gyara riga ya nufi motar da hannu a miƙe yana musu barka da zuwa. Na farkon da ya diro ya sakar masa gora a baki. Na ji ƙarar haƙoransa kamar an taka tsakuwa.

Ɓarayi ne, labarin sito ya kai musu. Adduna da gorori ne a hannunsu, babbansu kaɗai ke da bindiga, wani dogo mai yankakken kunne. Suka kora mu ciki, suka kwantar da kowa a ƙasa, wanda ya ɗaga kai a taka masa wuya. Sannan mai yankakken kunne ya ce samari su tashi su yi lodi.

Sahun gaba ya tafi lafiya, hatsi ne. Da aka zo kan yashi, Auta ya sa kafaɗa, gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Buhun yashi ba sa'an buhun hatsi ba ne, kuma na san in suka lura da nauyin, mun mutu. Ɗaya daga cikinsu ya zabga wa yaron gora a baya yana ce masa rago. Sai na miƙe.

"Ka bar shi, ga ubansa nan. Yaran yanzu shayi ya cinye musu ƙashi."

Suka kwashe da dariya. Mai yankakken kunne ya ce, "Kaka, in ka karye ba mu da lokacin binne ka."

"Wanda zai binne ni ba a haifi uwarsa ba," na ce masa.

Na cafki buhu da ƙugiya, na wurga shi a baya, na taka zuwa mota kamar audugar katifa na ɗauko. Na dawo na ƙara. Idanuna suna ganin duhu, bayana yana ƙara, amma ina tafe ina yi musu waƙar 'yan dako don kada su ji nishina. Da a ce buhunan sababbi ne, wallahi da na cika musu motar nan da yashi sun tafi suna godiya. Amma wani tsohon buhu ya kama ƙusa a bakin motar ya yage. Yashi ya kwararo a kan takalmin mai yankakken kunne.

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Ya karɓi adda ya shiga sito yana sarar buhuna, wannan yashi, wancan yashi. Tela, da tsoro ya ruɗa shi, ya tashi zai gudu. Aka harbe shi a baya, ya faɗi a bakin ƙofa, ƙafarsa tana harbin ƙasa.

Sai mai yankakken kunne ya juyo kan mai fararen kaya. A ganinsa shi ne mai siton, shi ya ɓoye hatsin. Mutumin yana rantsuwa cewa shi baƙo ne, aka fasa masa hanci da gindin bindiga. Aka sake tambayarsa, aka sake bugunsa. Da ɓarawon ya ɗaga adda, Auta ya yi tsalle ya faɗa a kan baƙon. Saran ya sauka a kafaɗar ɗana. Na ga farin ƙashi kafin jini ya rufe shi.

Daga nan ban san tsufa ba. Na kafa wa mai yankakken kunne ƙugiya a wuyan hannu na fizgo, naman ya biyo ƙarfen, bindiga ta faɗi. Wani ya kawo mini sara ta gefe, na tare da hannun hagu, yatsuna biyu suka tafi, ban ma ji ba sai da na ga ɗaya a ƙasa. Na ba shi goshi a baki. Uku daga cikinsu suka taso mini, na ja da baya zuwa gindin jeri, na cafki buhun ƙasa na fizge da duk abin da ya rage mini. Jerin ya rufto a kansu gaba ɗaya. Ƙarar karyewar ƙafa daban take da ta itace, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa.

Mutanen gari suka tashi. Tsofaffin matan nan da muka ajiye don ado suka riƙa dumbuzar yashi suna watsa wa ɓarayi a ido. Surukata ta fasa wa ɗaya kai da ma'aunin sikeli. Mai kemis, baki duk jini, ya kama ƙafar wani ya ƙi saki ana ta dukansa. Waɗanda suka iya suka ja babbansu suka faɗa mota, suka tsere da hatsin da muka aro. Waɗanda buhuna suka danne kuwa, da ƙyar aka bar wa 'yan sanda abin da za su ɗauka.

Mai kamfani da kansa ya ɗaure kafaɗar Auta da rigarsa, aka sa yaron a bayan motarsa zuwa asibitin birni. Kafin mai kamfanin ya shiga motar, ya kalli yashin da ya jiƙe da jini, ya kalle ni.

"Baba, da kun nuna mini siton babu komai, da na zauna mun yi magana."

"Da ba ka zo ba ma," na ce. "Ja motar, ɗana yana zubar da jini."

Inji dai bai zo ba. Amma bayan mun binne tela, kowa ya ce ƙofar ƙarfe yake so don tsoron ɓarayi, sai wani mai walda ya zo aikin kwana kaɗan, ya ga gida kyauta, ya ɗauko matarsa da yaransa. Ƙanensa mai gyaran babur ya biyo shi. Mai kemis yana yawo da wawulo yana cewa kwamitinsa ne ya kawo su. Ni na san wanda ya kawo su.

Auta ya warke, sai dai hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, noma ya ƙare masa. Mai kamfani bai manta wanda ya karɓi saransa ba, ya ba shi aikin kula da sito a birni. Ranar da Auta ya zo da motar kamfani ɗaukar iyalinsa, ya durƙusa a gabana ya ce in shirya mu tafi tare, akwai ɗaki. Na ce masa in na tafi wa zai tsare garin, mai kemis? Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce ya matsa, direban nan bai iya lodi ba. Da yatsu takwas na jera musu gado da katifu da akwatuna, na ɗaga jikokina na ɗora su a gaba, na ja igiya na ɗaure. An gaya mini har suka isa birni ko cokali bai faɗo ba.