Littattafan Iya 'Yar'azumi

"Na 'yan makarantarmu ne, baiwar Allah," in ji malamar da ke zaune a bakin ƙofar ɗakin karatun makarantar. "Ba a fita da su."

Ummussalma ta leƙa ta saman kafaɗarta. Ga su nan jere a durowar gilashi, an danna kwaɗo. Ta gane littafin lissafi mai koren bango da ita da kanta ta ɗinke wa baya, ta gane ƙamus ɗin da ɓera ya ci wa gefe.

"Na Iya 'Yar'azumi ne, maƙwabciyata. Tana kwance ba lafiya. Guda ɗaya take so, na tarihin annabawa mai manyan baƙaƙe."

Malamar ta buɗe durowa ta zaro shi, ta nuna mata shafin farko. An buga hatimin makaranta daidai kan sunan da Iya ta rubuta da hannunta, har sunan ya ɓace.

"Kin gani ko? Sai dai ki jira Anti Shamsiyya, mai makarantar."

Ta jira har aka tashi yara. Anti Shamsiyya ba ta shigo ba.

Iya 'Yar'azumi ta yi aikin ɗakin karatu a Haɗeja har ta yi ritaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mai da ɗakinta na kusa da zaure wurin karatun matan aure. Littafin da ta saya da wanda aka ba ta kyauta, duk ta jera a kanta. Mace za ta sauke tukunya ta shigo da goyo, ta zauna a tabarma har la'asar. A nan Ummussalma ta yi karatun jarrabawar sakandare bayan haihuwarta ta uku. A nan ma Shamsiyya ta fara, tun tana sayar da awara.

Da ruwan kogi ya fara cin gonakin shinkafa yana doso unguwa, Shamsiyya ce ta zo da a-kori-kura. Ta durƙusa gaban Iya ta ce za ta adana littattafan a kan tudu, in ruwa ya janye ta buɗe wa mata babban ɗakin karatu, kowa ya shiga kyauta. Iya har da hawaye ta sa mata albarka. Ruwa ya janye, aka shuka, aka girbe. Abin da Shamsiyya ta buɗe makarantar kuɗi ce mai katanga da maigadi.

Ummussalma ta iske Iya a kishingiɗe, ƙafafu a kumbure, kokon kunun safe na gefe ba a taɓa ba.

"Ummu, ina littafin?"

Tun a hanya ta shirya cewa ta tarar an rufe. Amma da suka haɗa ido sai ta kasa.

"Sun hana, Iya."

"Wani ne ya ara?"

"Ba mai aro. A kulle suke cikin gilashi. Sun buga musu hatimi."

Iya ta murza bakin zanenta.

"Matan fa? A ina suke zama?"

"Ba a barin mata su shiga. Ni ma sai da na roƙi maigadi."

"Duk zuwan da Shamsiyya take yi sai ta ce mini ɗakin cike yake. Ta ce har tabarmi sun yi kaɗan." Ta dubi Ummussalma. "Ni kuma kullum sai na yi mata addu'a a sujada. Ku kun sani, kuka ƙyale ni?"

"Mun ji tsoron jikinki ne, Iya."

"Kira min ita."

Ummussalma ta kira, ta kara wayar a kunnen tsohuwar.

"Shamsiyya, ba faɗa zan yi ba. Ki dawo wa mata da kayansu tun ina da ido."

"Haba Iya, ai adana su nake yi, kin san matan nan da lalata abu. Gobe ina nan tafe, in sha Allah."

Washegari Iya ta sa aka share ɗakin karatun, aka goge kantocin, aka shimfiɗa tabarmi. Ta sa aka juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ta ɗaga kai ta ce, "Ita ce?" Rana ta biyu ma haka. Daga nan ta daina tambaya. Ranar Laraba da hantsi, Ummussalma na shafa mata ruwa a leɓe, Iya ta cika da kalmar shahada.

Shamsiyya ta zo ranar uku da katan-katan na lemo. Ta yi kuka sosai, ta shaida wa matan da ke zaman makoki cewa za ta sa wa ɗakin karatun makarantarta sunan marigayiya. Wasu suka ce Allah ya saka. Ummussalma ta tashi ta koma wajen wanke-wanke, don ta san in ta buɗe baki ba za a ji daɗi ba.

Bayan sadakar bakwai tana share tsakar gidan Iya, sai wata matashiya ta yi sallama, da goyo a baya da leda a hannu. Ta ce sunanta Adila, daga wajen Baturiya take, ambaliya ce ta raba su da gari sai yanzu ta samu shigowa.

"Littafin Iya na dawo da shi. Na riƙe shi da yawa, ki taya ni ba ta haƙuri."

Ummussalma ta gaya mata rasuwar. Adila ta zauna a bakin rijiya ta yi salati, ta daɗe tana share ido da gefen hijabi. Sannan ta kwance ledar. Littafin koyon Turanci ne, yana warin hayaƙin bandar kifi, sunan Iya na nan raɗau a shafin farko.

"Ta ce in na gama wannan akwai na biyu," in ji Adila a hankali.

Ummussalma ta karɓa, ta shiga ɗakin karatun ta tsayar da shi a kan kanta. Ya zame ya kwanta. Ta sake tsayar da shi, ta ɗauko rabin bulo daga bakin ƙofa ta tokare.