Kyamarar Tsakar Gidan Inno

Duk wanda ya san Inno a Kurfi ya san ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Zubair ya yi gemu, ya yi aure, ya buɗe shagon gyaran waya da kwamfuta a Dutsin-Ma, amma in zancensa ya kama ta sai ta ce "mutumin Dutsin-Ma", ta kau da kai. Alkunya ce irin ta mutanen da: uwa ba ta zama hira da ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. In ya kira ta a waya, "lafiya lau" biyu take yi masa, sai ta miƙa wa Gogo Azumi maƙwabciyarta, ta ce, "Ungo, ji abin da yake cewa." To don Allah, ta yaya mutum zai san halin da uwarsa ke ciki da irin wannan gaisuwa?

Da can ba abin damuwa ba ne. Ya hau mota, kafin a jima yana Kurfi, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gan ta da idonsa. Amma hanya ta lalace. 'Yan bindiga kan tare mota su kora mutane daji, wasu su dawo, wasu shiru. Gidan Inno kuwa a bakin gari yake, bayan katangarsa sai gonakin gero. Ya roƙe ta ta dawo wurinsa, ya turo manya sun roƙe ta. Amsar ta biyo ta bakin Gogo: ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki, daga shi sai kushewa.

Shi ne ya yanke shawarar sa mata kyamara. Ya sayi ƙaramar sola da batir, da rauta, wato akwatin nan da ake sa wa layi ya raba intanet a gida. Sai da ya sha zirga-zirga wurin kamfanin layi kafin suka ba shi adireshin da ake iya samu daga waje, don layin da kowa ke saya ba ya karɓar baƙo. Ranar kasuwa ya bi ayarin motoci ya tafi.

Ya kafa kyamarar a ƙarƙashin kwanon rumfa, tana kallon tsakar gida: gindin darbejiya, randa, da ƙofar ɗakin Inno. Ya zauna kan tabarma da laftof a cinya, gumi na bin bayansa. Gogo Azumi ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Kai ɗan nan, wai me kake ta ƙwaƙule tun ɗazu? Ba ga abin can ka rataye ba?"

"Gogo, rataye shi ba wuya. Wannan akwatin ne kamar mai gadi a zaure. Duk wanda ya zo daga waje korarsa yake yi, ni kuwa daga Dutsin-Ma zan riƙa zuwa. Shi ne nake buɗe ƙofa guda, ina ce mashi duk wanda ya ƙwanƙwasa ta, ka kai shi wurin kyamara, ita kuma ta tambaye shi kalmar sirri."

"Shi akwatin ya zai gane kyamarar? Ido gare shi?"

"Lamba gare ta. Shi ke raba wa duk na'urar da ke gidan lamba. Na rubuta mashi tata a jikin ƙofar."

"Tabɗi! Da ranka ka sha kallo."

Inno ba ta fito ba. Fura ta aiko masa da ita, sannan daga cikin ɗaki ta yi magana kamar da bango take: "A gaya wa mai abin nan kada ya leƙa mani ɗaki."

Ya kashe intanet ɗin gidan a wayarsa, ya shiga ta layinsa kamar yana nesa. Sai ga tsakar gida ta bayyana tar, har da kazar da ke tono a gindin randa. Saura abu ɗaya: ya ɗaure wa kyamarar lambarta, don kada rauta ta ba wani in wuta ta ɗauke ta dawo. Yana shirin yi direba ya kira, ya ce mota ta cika, kuma shi ba zai kai la'asar a kan hanyar nan ba ko don uban wa. Zubair ya rufe laftof ya ce in ya dawo ya ƙarasa. Hanyar gyara rautar daga nesa kuwa da gangan ya bar ta a kulle, don kada wani ɗan iska ya shigo ta nan. Ke nan duk gyaran da za a yi sai daga cikin gidan.

Daga ranar safiyarsa ta canza. Kafin ya taɓa shayi sai ya buɗe waya. Inno takan fito da tsintsiya, ta fara daga ƙofar ɗaki, ta bi ta gindin darbejiya, ta tara ganye a lungu. Ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi kyamarar ba. Lauratu matarsa ce ta fara lura da wani abu.

"Malam, ba da duhun asuba Inno ke shara ba? Lokacin da na zauna wurinta, kafin gari ya waye ta gama."

"Haka ne."

"To dubi yanzu. Sai rana ta fito, kuma wurin nan da ake ganinta sosai ta share shi ta sake sharewa. Wallahi gaishe ka take yi."

Zubair ya miƙe. Ya shige shago ya rufe ƙofa, ya yi hawaye, shi kaɗai. Tun tasowarsa bai taɓa samun kusanci da uwarsa kamar na wannan shara ba, kuma ya ji daɗinsa har cikin ransa.

Wata safiya ya buɗe waya sai ya ga fuskarta ta yi baƙi ƙirin, ba hoto. Ya sa takalmi ƙafa ɗaya, yana kiran Gogo. Ashe ba komai. Matan unguwa ne suka zo cajin waya, tunda gidan Inno ne mai sola, ita kuwa ba ta iya hana maƙwabci ko da abin da ya fi wuta. Suka zare rautar suka sa caja. Da aka mayar, wayoyin samarin da suka kwafi kalmar sirri a ƙasan akwatin suka riga kyamara karɓar lamba. Mai gadi na nan yana kai baƙo lambar da aka rubuta masa, amma kyamara ba ta can.

"Gogo, ki bari su watse, ki kashe akwatin ki kunna."

Ta kashe ta kunna. Hoto ya dawo.

Haka aka yi ta yi. Yau baƙi, gobe hoto. Na farko ya firgita shi, na biyu ya ba shi haushi, daga baya sai tsaki kawai yake yi ya ce lamba ta sake gudu. Kullum yana cewa zai je ya ɗaure ta, kullum ana kawo labarin hanya. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma Zubair ya ɗauru a turken nan ba tare da ya sani ba.

Ana cikin damina aka tare wata mota tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, da rana tsaka, aka tafi da kowa har da direban da ya saba ɗaukar Zubair. Gari ya ɗauka. Washegari Zubair ya buɗe waya, baƙi.

"Gogo, abin ya sake. Kashe ki kunna."

"Na yi, ɗan nan. Ya ƙi."

"Ki sake. Ki kori yaran nan da wayoyinsu."

"To."

"Inno fa?"

"Tana ciki."

"Ba ni ita."

Ya ji takun Gogo, ya ji an ɗaga labule, ya ji ƙus-ƙus. Can sai muryar Inno: "Lafiya lau." Ta ja numfashi. "Lafiya lau." Aka kashe.

Lauratu na gefe tana ji. Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Malam, muryar nan ba ta yi mani ba."

"Yaushe ta taɓa yi mani magana fiye da haka? Lamba ce. Na san aikina."

"Ni dai da ka je."

"In je? Ba ki ji abin da ya faru jiya ba? So kike a kira ki a ce ki sayar da gida?"

Ta ɗauki ludayinta. Maganar gaskiya, tsoro yake ji, tsoro mai tsanani, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma shi ma ya ji numfashin nan da Inno ta ja. Ya ji shi sarai. Sai dai zancen lamba ya fi sauƙin ɗauka, shi ya sa ya rungume shi. Ya yi ta faɗa a shago kan mutanen da ba su san darajar kayan mutane ba, har wani mai gyaran caja ya tambaye shi ko lafiya.

Kwanaki suka shuɗe a haka. Kowace safiya baƙi, kowace safiya Gogo ta ce ta kashe ta kunna ya ƙi. Da ya ce a ba shi Inno sai ta ce tana salla, ko ta ɗan kishingiɗa. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa, in ayari ya yi kauri, zai bi.

Ba a kai ranar kasuwar ba. Da hantsi yana kwance wata waya a kan tebur, tasa ta yi ƙara. Gogo ce, kuma ita ba ta taɓa kiransa da kanta ba.

"Zubairu, ka zo. Ka zo yanzu."

Ya hau babur ɗin maƙwabcinsa ba tare da ya rufe shago ba. Hanyar da ya yi ta gudu, ko akuya ba ta tare shi ba. Gero ya yi kore shar hagu da dama, manoma na duƙe a gonakinsu. Tun daga nesa ya hango maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidan, ya san ya makara.

An riga an yi mata wanka. Ya bi sahu aka sallace ta, ya sa kafaɗa aka ɗauke ta, ya shiga ramin da kansa ya karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kuma wannan rashin nauyin ne ya gaya masa ciwon ba na jiya ba ne.

Bayan azahar, da masu gaisuwa suka ragu, ya shiga cikin gida. Ganyen darbejiya ya rufe tsakar gida, ruwan sama ya manna shi da ƙasa. Ya nufi rumfa da niyyar ya fasa akwatin nan da ƙasa. Sai ya tarar da rautar a kunne, fitilunta kore, lafiyarta lau. Ya bi wayar kyamara da ido. An zare ta daga soket, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da ƙyallen atamfa, an rataye a ƙusa. Ya san ɗaurin. Haka Inno ke ɗaure bakin ƙullin daddawa.

Gogo Azumi na tsaye a bayansa, idanunta sun kumbura.

"Gogo, wa ya cire wannan?"

"Ita."

"Kika ce mani kin kashe kin kunna."

"Na yi maka ƙarya, Allah Ya yafe mani. Rantsar da ni ta yi." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Tun kafin a tare motar nan ƙirjinta ke ciwo. Tana dafa bango ta fito ta yi maka sharar nan, ta koma ta kwanta. Ranar da labarin motar ya zo, ta gwada ɗaga tsintsiya ta kasa. Ta ce mani, 'Azumi, in mutumin Dutsin-Ma ya ga gidan nan ba shara, hanya zai hau.' Na ce bari in share. Ta ce, 'Ai ba ke yake dubawa ba.' Da rarrafe ta zo nan ta zare shi da hannunta."

"Da kin gaya mani, da asibiti na kai ta!"

"Na ce mata. Ta ce in abin ya yi baƙi ba ka damuwa, ta sha jin kana ce mani lamba ce."

Zubair ya dafa ginshiƙin rumfa. Ashe duk kiran da yake yi tana saurare. Ta san tsakinsa, ta san inda hankalinsa ke kwanciya, ta kuma yi amfani da shi ta tsare shi a gida.

"Ba ta bar mani magana ba?"

Gogo ta girgiza kai. "Da asuba dai ta tambaya ko an ji labarin hanya. Na ce shiru. Ta ce alhamdulillahi."

Ya kwance ƙyallen a hankali, ya warware wayar, ya mayar da ita soket. Bai taɓa rauta ba, bai buɗe laftof ba. Ya ciro wayarsa ya shiga ta layinsa, kamar yadda yake yi kowace safiya a Dutsin-Ma.

Nan take hoton ya fito. Lambar ba ta je ko'ina ba. Ga randa, ga labulen ɗakin a sake, ga ganye ko'ina, ga tsintsiyar jingine a gindin darbejiya inda ta ajiye ta.