Wanda Ya Shanye Man

A layin makanikai kowa da abin da yake faɗa game da Baba Shiru, mai gyaran wayarin mota. Mai faci ya ce kunnensa ya fi mitarsa aiki. Mai fenti ya ce ya taɓa kai masa mota, sai da Baba ya saurari labarin auren ƙanwar mai fentin kaf kafin ya buɗe bonet. Amma duk sun yarda ba ya canza abin da bai lalace ba.

Ranar Litinin da hantsi Mai Kemis ya shigo da motarsa, matarsa na gefe ta haɗe rai. Malamar ɗinki ce, bara ta koyi tuƙi. Sati uku ke nan da mijin ya karɓe mata makulli.

"Baba, allurar mai ce ta haukace," in ji Mai Kemis. "Jiya ta nuna babu, na je gidan mai, lita biyar kawai tanki ya yi amai."

"Faɗa masa sauran mana, Baban yara," in ji Malama. "Cewa ka yi ni nake shanye man da yawo."

"To ai duk ranar da kika fita, allura a ƙasa nake samun ta!"

"Jiya kuma wa ya fita? Aljani?"

Baba Shiru ya jawo mata benci. Ya tambaye ta inda take zuwa, da hanyar da take bi, da abin da take ɗauka. Ta ce makarantar ɗinki ce kawai, Talata da Alhamis. Keken ɗinkinta take ɗorawa a kujerar baya, in ta dawo sai ta bar shi a ciki don nauyi, har maigida ya zo ya sauke.

Baba ya juya ga mijin. "Allura kake fara dubawa ko keke kake fara saukewa?"

"Allura mana. In na gama faɗa in sauke keke, in tafi gidan mai."

"Jiya fa?"

"Katan-katan na ruwan asibiti na ɗauko a baya."

Baba ya gyaɗa kai. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance murfin da ke saman tanki, ya zare soket. Ya ciro ɗan ƙwallon da ke iyo a kan mai, yana ɗaga hannunsa yana saukewa, idonsa a kan mita. Lambobi suna hawa suna sauka ba tsalle. Ya mayar da komai, ya rufe kujera, ya kunna mota. Allura ta tsaya cak a sama.

"Malama, zo ki zauna a mazaunin direba ki sa mata ido. Kai kuma shiga baya, ɓangaren dama."

Mai Kemis mutum ne mai jiki. Yana zama kujera ta yi ƙara, allura ta sulale har ƙasa.

"Tashi."

Allura ta hau.

"Zauna."

Ta faɗi.

Malama ta tuntsire da dariya har da riƙe sitiyari. "Baban yara! Tanki guda a zama ɗaya? Ko ruwa ba ka nema ba!"

Mai faci da mai fenti suka bar aikinsu suka zo kallo. Mai fenti ya roƙa a sake sau ɗaya, aka sake. Shi kansa Mai Kemis sai da dariya ta ƙwace masa.

Baba ya sake ɗaga kujera ya nuna musu wayar da ta taso daga tanki. Ƙarfen kujera ya ci robarta, in nauyi ya danna sai ta taɓa jikin mota. Ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe, ya sauya mata hanya nesa da ƙarfen.

Mai Kemis ya zagayo zai shiga mazaunin direba. Malama ba ta motsa ba. Ya sunkuya ta taga ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

"Injin yana ƙara, ban ji ba," in ji ta.

Baba Shiru ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zare makullin ya ba mijin. Layin ya yi tsit.

Mai Kemis ya gyara murya, ya sa mata makullin a tafin hannu.

"Maman yara, ba ki sha ko ɗigo ba. Na zarge ki a banza, ki yi haƙuri, ki yafe mini."