Askin da Muka Yi wa Leandro

"Riƙe masa kai da kyau, Herminia," in ji mijina Nicanor. "Yana ta zamewa."

Na sa hannu biyu na riƙe. Kan Leandro ya yi sanyi kamar dutsen rafi. Nicanor ya kama farar jelar gashin nan mai kaiwa har ƙugu, ya sa almakashin ɗinkina a ƙeya, sai da ya yi da gaske kafin ta yanke. Ya miƙo mini ita. Na rasa inda zan ajiye, na shiga kicin na jefa ta a bokitin shara.

Leandro maƙwabcinmu ne, shingen katako kawai ya raba mu. Ina budurwa ya zo garinmu El Bolsón, cikin ayarin samarin Buenos Aires da suka ce sun gaji da ofis da soja da agogo, za su zauna a gindin dutse su ci abin da suka shuka. Hippi muke ce musu, kuma ba yabo ba ne. Sanyin shekarar farko ya kori yawancinsu, wasu ma mun ji sun zama lauyoyi. Shi ya zauna. Yana sassaƙa cokulan itace ya kai kasuwar dandali, ba ya aski, ba ya sa takalmi, in dusar ƙanƙara ta sauka sai ya naɗe ƙafa da buhu.

Ni kuwa bakina ba ya hutawa.

"Don Leandro, wata rana tsuntsu zai yi sheƙa a gemun nan."

"Ki bar shi, doña. Shi ma gidan da ba haya yake nema."

Kullum da la'asar a bakin shinge muke shan mate, shayin ganyen nan na garinmu, ƙoƙo ɗaya na zagayawa tsakaninmu. Kowa ya sani, ba a cewa "na gode" in an mayar da ƙoƙo sai in mutum ya ƙoshi, ba ya son a sake miƙo masa. Leandro bai taɓa faɗa ba. Yakan sha har ganyen ya salance, har Nicanor ya ce wannan ba maƙwabci ba ne, rariya ce.

Da tari ya kwantar da shi ya ƙi asibiti, sai na riƙa kai masa mate har gado. Ranar ƙarshe ya dube ni ya ce, "Herminia, in na tafi ki sa ido. Kada su sa mini takalmi. Yadda na zauna haka zan kwanta."

"Rufa mana asiri! Wa zai ɓata takalminsa a wannan kaushin naka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya zuƙi mate kaɗan, ya miƙo mini ƙoƙon.

"Na gode," ya ce.

Da safe Nicanor ya same shi ya riga ya cika.

Kafin rana ta yi tsaka labari ya zo cewa ƙanwarsa ta taso daga Buenos Aires a jirgi. Wata ta ce matar alƙali ce, wata ta ce gidansu hawa uku ne. Na tsaya na dubi Leandro a kwance, riga duk faci, gemu a hargitse, tafin ƙafa baƙi wuluk. Ban manta da maganarsa ba, ina sane da ita sarai. Amma abin da ya cika mini kai shi ne matar nan ta shigo ta ce a layinmu an bar ɗan mutane ya mutu kamar mahaukaci. Ni na ce a ɗauko almakashi. Ni na ce Nicanor ya fito da kwat ɗin aurensa.

Bayan gashi Nicanor ya aske gemun tas. Muka sa masa farar riga da laktaye, muka tura ƙafafun cikin takalmin coci na Nicanor, da kyar suka shiga. Maƙwabta suka shigo suna riƙe baki.

"Ashe kyakkyawa ne!" in ji doña Ofelia mai burodi. "Herminia, kin fitar da mu kunya."

Har na ji daɗi, abin da ya fi damuna ke nan.

Da yamma motar haya ta tsaya. Ba matar da na zana a raina ba ce ta fito. Wata 'yar tsohuwa ce sanye da wandon jins, furfurarta a sake, da ƙaramin cokalin itace rataye a wuyanta. Ta ce sunanta Amalia. Ta gaisa da kowa, ta nufi akwatin gawar. Tana leƙawa ta ja da baya, ta dafe ƙirji.

"Ina yayana?"

"Ga shi nan, señora," na ce. "Mun ɗan gyara shi ne."

"Wannan ai Baba ne."

Ta daɗe tana kallon fuskar, sannan ta yi magana a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba.

"Babanmu kanar ne. Wata Lahadi za a yi baƙi a gida, ya dubi dogon gashin Leandro ya ce ba zai zauna a tebur da ɗan daudu ba. Ya zaunar da Leandro a tsakar gida ya yi masa ƙwal-kwabo. Da aka gama, Leandro ya tashi, ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ya tafi. Ni na ɗauke su. Tun daga ranar ƙarfe bai ƙara taɓa masa kai ba." Ta shafa goshinsa. "Mama ce ta riƙe masa kai. Tana kuka, tana cewa me mutane za su ce."

Na dubi hannuwana. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba. Nicanor ya sunkuyar da kai, doña Ofelia ta sulale ta fice.

Amalia ba ta tambayi wanda ya yi ba. Ta kwance laktayen, ta ninke, ta ba Nicanor. Ta koma wajen ƙafafu tana kiciniyar zare takalmin, na matso zan taya ta, ta ce, "Bari, zan iya." Ta cire su, ta fita da su, ta dawo hannu wofi.

"Gashin fa?"

Na shiga kicin. Jelar na ƙasan bokiti, ɓawon dankali da jiƙaƙƙen ganyen mate sun rufe ta. Na wanke a famfo da sabulu, na sake wankewa, amma koren ya riga ya kama furfurar. Haka na kawo mata, tana ɗigar ruwa. Ta kwantar da ita a ƙirjinsa, ta ɗora hannunsa a kai.

Na rasa abin da zan yi da kaina, sai na ɗora buta a wuta. Na haɗa mate a ƙoƙon da muke sha da shi, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta zuƙa sau ɗaya, ta mayar mini.

"Na gode, doña," ta ce.

Washegari muka binne shi ƙafa ba takalmi. Da muka dawo daga maƙabarta, takalmin Nicanor na nan a ƙofar shingen Leandro inda ta ajiye su, a jere, raɓa ta jiƙa su. Nicanor ya wuce su ya shiga gida. Ni ma na wuce.