Ƙafar Baba

...ga su nan kuwa, ko ɗaya bai mutu ba. Rawiya ta kafa ido a madubin ƙara girma na ɗakin bincike: ƙwayoyin jikin mahaifinta ne kwance a ɗan faranti, sun ƙoshi, lafiya lau. Ina za su ƙi ƙoshi? Kullum sai ta ciyar da su, sukari daidai, ɗumi daidai, ko ranar Juma'a ba fashi.

Mai jikin kuma yana can asibiti a ƙarshen Iskandariyya. Yau za a yanke masa ƙafa.

Ƙafa... ita kam hannunsa kaɗai ta sani. Duk wata yakan hau taragu ya zo, ya naɗe hannun riga tun daga bakin ƙofa, yana washe baki. "Ɗebi, Dakta, ɗebi abinki. In ba don jinin nan ba, yaushe rabon da in ga fuskarki?" Ta yi dariya. Dariya fa ta yi! Idonta na kan jijiya.

Farfesa guda. Ta yi furfura a kan yadda ciwon sukari ke cin jiki, an tafa mata a ƙasashen da Baba ko sunansu bai iya faɗa ba. Ita ce ke ce wa ɗalibai a fara duba ƙafa, kullum ƙafa... To ita fa?

Ya yi sallar azahar a zaune, kan kujerar nan, wannan dai da take kai. Ta gani. Bai cire safa ba, ta gani. "Tsufa ne, 'yar nan, ci gaba da aikinki." Ta kuwa ci gaba, har da jin daɗin bai ja zancen ba. Wannan jin daɗin ne yake cin ta yanzu, ya fi komai ciwo.

Warin ƙafar kuwa? A'a. A'a, ba ta ji ba... ta dai buɗe taga.

Waya na ruri a aljihu. Tahani ce, ƙanwarta, wadda ta cire masa safar ta yi ihu. An fito da shi? Ko kuwa...

Bari ta ɗauka. Yanzun nan. Ta ƙarasa ɗiga wa ƙwayoyin abincin tukuna, kar su bushe, saura faranti ɗaya...

Wayar ta yi shiru. Rawiya ta dubi hannunta: bai daina ɗigawa ba.