Ranar da Namazzi Ta Durƙusa

Abu na farko da Madam Prossy ta haramta wa 'yan matan ƙungiyarta shi ne durƙuso. A garinsu Nyendo kuwa yarinya kan iya durƙusa wa babba tun kafin ta iya wanke kwano. Ko a bakin titi ta gamu da gwaggonta, sai gwiwa ta taɓa ƙasa, da laka ko ba laka. Madam ta ce wannan ne ya hana matan ƙasar zama manya.

"Ku miƙe, sarauniyoyina! Kafaɗa baya, ido cikin ido, hannu da ƙarfi. Wa ya taɓa ganin shugabar banki da kanta a gwiwa?"

Duk Asabar 'yan matan sukan taru a zauren cocin da ƙungiyar take haya, ƙarƙashin wani ƙyalle mai ɗauke da sunanta, Tashi Tsaye Yarinya. Su yi ta musabaha da juna har yatsu su yi tsami, sannan a raba musu lemon kwalba da mandazi, irin fankensu. Kowace yarinya an ba ta uwar ɗaki daga cikin manyan matan Kampala, wadda za ta riƙa nuna mata hanya. Uwar ɗakin Namazzi, ɗaya daga cikin 'yan matan, lauya ce. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, ranar ɗaukar hoto. Tun daga nan sai dai ta turo saƙon murya ta wayar Madam, ta ce Namazzi ta yarda da kanta, ana jin ƙarar motoci a bayanta.

Namazzi ba mai magana ba ce, amma tana gani. Ita kaɗai ta ga ranar da uwar mijin Madam ta biyo ta zauren. Madam ta ja tsohuwar bayan mota, ta waiga hagu da dama, ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa, ta zube a kai da gwiwa biyu. Da ta dawo ciki ta ci gaba da darasin ido cikin ido, tana karkaɗe siket.

A ƙarshen shekara Baturiyar da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, Mis Karin, za ta zo. Yarinya ɗaya za ta zaɓa ta kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, ta riƙe ta har ta gama sakandare. Namazzi tana ajin ƙarshe na firamare. Ta san idan ba wannan ba, karatunta ya ƙare a bakin kaskon kakarta, wadda kowa ke kira Jjajja, mai suyar fara a mahaɗar titi. Ba jarrabawa za a yi ba. Kowace yarinya za ta tsaya ta ba da labarin rayuwarta da Turanci, wadda labarinta ya fi taɓa baƙuwa ita ta ci.

Babirye, 'yar maƙwabciyarsu Nnalongo, ba ta da matsala. Mahaifinta ya nutse a tafki yana kamun kifi, kuma ta iya kuka ba tare da muryarta ta shaƙe ba. Na Namazzi ne ya ba Madam ciwon kai. Ta zaunar da ita bayan an tashi, ta cire tabarau.

"Labarinki ba gishiri, 'yar nan. 'Kakata tana raka ni makaranta.' To sai me? Tana dukanki?"

"A'a, Madam."

"Ko sau ɗaya?"

"Ta taɓa jifana da silifa. Bai same ni ba."

"Amma ta yi niyya. Tana sa ki aiki?"

"Lokacin fara ina taya ta cire fukafukai, in na dawo daga makaranta."

"Bautar da ƙaramar yarinya ke nan. Tana sa ki durƙusa?"

"Ai kowa yana durƙusawa, Madam."

"Ban tambaye ki kowa ba. Ke kina son makarantar nan ko ba kya so?"

Namazzi ta kalli yatsun ƙafarta. Tana so. Ta taɓa ganin 'yan makarantar a tasha da rigunan sanyi masu launin ganye da akwatunan ƙarfe, suna magana kamar duniya ta san da zamansu.

Haka labarin ya yi ta ƙiba Asabar bayan Asabar. Silifa ya zama sanda. Cire fukafukai ya zama kwana a bakin wuta. Jjajja ta zama tsohuwar da ke ɓoye littattafai, ta tilasta wa jikarta rarrafe a ƙasa kamar baiwa, har sai da Tashi Tsaye Yarinya ta zo ta ɗaga ta. Namazzi ta haddace shi tsaf, har da inda za ta yi shiru ta haɗiye yawu. Abin da take lallashin zuciyarta da shi guda ne: Jjajja ba ta jin Turanci. Za ta zauna ta ga jikarta tana zuba harshen Turawa a gaban jama'a, ta ji daɗi, shi ke nan.

Ranar taron Jjajja ta fito da gomesi, doguwar rigarta ta zuwa biki, mai kafaɗu a tsaye kamar ƙahon saniya, ta ɗaura ɗamara mai sheƙi. Tun safe ta hana kanta taɓa kasko don kada ta je da warin mai. A zaure ta zauna a layin iyaye, kusa da Nnalongo, jaka a kan cinya.

Mis Karin doguwa ce, rana ta gasa mata hanci ya yi ja, ta sa rigar atamfa da aka ɗinka mata da gaggawa. Babirye ce ta fara. Ta yi kukanta daidai inda aka tsara, baƙuwa ta share ido, Nnalongo ta gyara zama irin na wadda ta gama cin kasuwa. Sai Mis Karin ta juya ta dubi layin iyaye, ta ga sun yi zuru kamar masu jiran mota.

"Prossy, iyayen nan suna fahimta kuwa? Ai labarin 'ya'yansu ne. Ya kamata a riƙa fassara musu."

Namazzi tana tsaye a bakin dandamali, ta dubi Madam. Madam ko gezau. Ta yi murmushi har kunne, ta ce wannan shawara ta yi kyau ƙwarai, ita da kanta za ta fassara. Ta karɓi abin magana na biyu, ta matso kusa da Namazzi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ke dai yi naki, ki bar mini nawa."

Namazzi ta ja numfashi, ta mayar da kafaɗa baya.

"Na tashi a hannun kakata," ta ce da Turanci, "wadda ba ta yarda mace ta yi karatu ba."

"Ta ce ta tashi a hannun kakarta," in ji Madam da Luganda, harshensu na gida, "wadda babu irinta wajen son karatu."

Jjajja ta gyaɗa kai, ta dubi matan da ke gefenta.

"Idan ta gan ni da littafi, sai ta ɗauko sanda."

"Idan ba ta ga littafi a hannunta ba, ranar ba zaman lafiya."

"Haka ne!" in ji Jjajja da ƙarfi. "Faɗa musu, 'yar nan!"

"Nakan kwana a bakin wuta ina suyar fara, hayaƙi yana cin idona. Ban taɓa sanin mutum yana iya tsayawa da ƙafafunsa ba, domin a gidanmu a ƙasa nake rayuwa, a kan gwiwoyina."

"Da kuɗin fara kakarta ta tsayar da ita da ƙafafunta, ta kuma koya mata ladabin da ba a saya a kanti."

Jjajja ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Tsofaffin layin suka taya ta da tafi. 'Yan matan ƙungiya, waɗanda ke jin harsunan biyu, suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Mis Karin ta rasa gane kan abin, ta jawo hannun Madam.

"Ita ce kakar? Me ya sa take murna?"

"Nadama ce," in ji Madam. "Haka muke yin ta a nan. Mun daɗe muna aiki a kanta."

Namazzi ta ƙarasa sauran kamar mai tauna ƙasa. Idonta na kan Babirye, wadda ta zame daga kujerarta ta je ta tsuguna kusa da uwarta, tana raɗa mata magana a kunne. Fuskar Nnalongo ta yi ta buɗewa sannu a hankali kamar an ba ta kyauta.

Baƙuwa ta ce tana son tsohuwar ta fito gaba, a ga sulhu da ido. Mai hoto ya gyara tsayuwa. Jjajja ta taho tana jan gomesi, fuskarta cike da haske, ta tsaya a gaban jikarta. Madam ta zaro wa Namazzi ido, ta ɗan miƙa hannunta a iska don tuni: tsaye, ido cikin ido, hannu da ƙarfi.

Namazzi ta dubi hannun Jjajja, mai tabon ƙunar mai a bayansa. Wannan hannun za ta kama ta girgiza kamar ɗan acaɓa ya gamu da abokinsa, a gaban matan cocinsu duka? Ta yi wa tsohuwar ƙarya da harshen da ba ta ji, wannan kuwa da idonta za ta gani. Ta ce a ranta, makarantar ta tafi. Bari Babirye ta je ta sa rigar sanyin. Ta sauka a kan gwiwoyinta biyu a siminti, ta haɗa hannuwa a cinya, ta sunkuyar da kai, ta gaishe da kakarta cikakkiyar gaisuwa, tun daga kwana har gajiyar hanya.

Madam ta rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Sai aka ji shessheƙa. Mis Karin ce, ta dafe ƙirji, hawaye na bin jan hancinta.

"Kin gani, Prossy? Duk horon da kuka ba ta, tana ganin matar nan tsoro ya kayar da ita. Yarinyar nan ba za ta ƙara shekara a gidan nan ba. Ita za mu ɗauka."

Madam ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. "Abin da nake ta faɗa ke nan," ta ce. "Matsalar tana da zurfi." Ta yi wa mai hoto alama ya ƙara ɗauka kafin yarinyar ta tashi. Ga iyaye kuma ta fassara cewa ladabin Namazzi ne ya sa Baturiya kuka. Jjajja ta sake guɗa.

Ba su kai ƙofar coci ba Nnalongo ta cim musu.

"Jjajja, barka da arziki! Ashe haka kike da sanda ba mu sani ba? Mu da muke katanga ɗaya ko kukan yarinyar ba mu taɓa ji ba. Zo in ba ki fassarar da ba ta Madam ba."

Namazzi ta tsaya nesa, rungume da takardar shaida da kwalbar lemo, tana kallon bakin Nnalongo yana motsi. Ta ga kafaɗun gomesi suna nan a tsaye, amma matar da ke cikinsu ta ɗan rage tsawo.

Suka isa gida. Rana na tsaka. Jjajja ta shiga ɗaki ta cire kayan biki, ta ninke, ta fito da tsohon zaninta, ta zauna a kujerar tsuguno ƙarƙashin ayaba, ta jawo kwandon fara gabanta. Namazzi ta matso, gwiwarta ta fara lanƙwashewa.

"A'a," in ji Jjajja. "Tashi. Ai an koya miki tsayuwa."

"Jjajja, makarantar ce kawai na..."

"Makaranta za ki je, ko da ni za a ɗaure. Har akwatin ƙarfe zan saya miki. Amma kowa a zauren nan ya ji labarina ban da ni, har na yi masa guɗa sau biyu. Na ji na Madam, na ji na Nnalongo. Saura naki."

Ta ɗauki fara ɗaya, ta fizge fukafukan, ta jefa a roba.

"Yaya ma Madam take cewa? Kafaɗa baya. Ido cikin ido. Yawwa, kalle ni nan. Fara daga farko, da harshenmu, kada ki tsallake wurin sandar."