Anti Ta Kashe Mama

Dutsen guga ya fasa fuskar na'urar, gilashi ya tarwatse a tsakar ɗaki, amma abar ba ta yi shiru ba. "Zo nan, Tattabarata," ta ce, da muryar matar da ke dukan ta. Sai matar ta sake ɗaga dutsen.

Mai guga ce a wani babban asibiti, kuma da safen nan ta dawo daga aikin kwana, ƙafafu a kumbure. Na'urar kuwa Mai Reno ake ce mata. Hukumar yara ce ke ajiye ta a duk gidan da uwa da uba ke fita aiki, ko kana so ko ba ka so. Hannaye biyu gare ta masu laushi, da fuskar gilashi mai murmushin da ba ya gajiya. Ranar da aka kawo ta, an sa mai jego ta yi ta magana a gabanta har ta kwashe muryarta kaf, muryar wancan lokacin, kafin tururin guga ya dusashe ta. Tun daga nan ita ke ba yarinya abinci, ita ke waƙa, ita ke lallashi. Yarinyar, wadda ubanta ya laƙaba wa Tattabara saboda yawan gunaguni, Mama take kiran na'urar. Wadda ta haife ta kuwa Anti take ce mata, aka yi ta dariya wai ƙuruciya ce, za ta daina.

Abin da ya faru ba wani babba ba ne. Tattabara ta faɗo daga kan kujera ta fasa leɓe. Uwar ta yar da jaka ta sure ta, yarinya ta gantsara mata cizo a hannu. "Anti, sake ni! Mama nake so!" Ta zame ta ruga. Na'urar ta yi 'yar ƙararrawar da take yi kafin kowace magana, ƙirrin, ta buɗe hannaye. Daga nan idon mai guga ya rufe.

Mijinta ya fito daga banɗaki da kumfar aski a gemu, ya kama ta ta baya. "Maman Tattabara! Kin haukace ne?"

Ta kai masa gwiwar hannu a baki, har ta ji haƙorinsa a ƙashinta. "Maman wa? Je ka tambaye ta wace ce mamanta!"

Ta fizge, ta ci gaba. Ta karya wa na'urar hannu ɗaya, ta lotsa ƙirjin, wani ruwa mai yauƙi ya malalo kan tabarma. Gaskiya ta ji daɗi, daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba. Na'urar ta kife, ta ce a hankali, "An kai rahoto," sannan ta mutu.

Yarinyar ta daina kuka. Ta rarrafa ta ɗauki karyayyen hannun ta rungume, ta dubi ubanta. "Baba, Anti ta kashe Mama."

Mai guga ta dubi abin da ke hannunta. Ba ta ma ajiye dutsen ba aka ji takalma a matakala. Ma'aikatan hukumar yara ne, ba su ƙwanƙwasa ba, ƙofar kawai suka ɓalle. Mijin ya sha gabansu, jini na bin kumfar gemunsa. "Don Allah ku saurara, ranku ya daɗe, ni ne na fasa, ni..." Sandar lantarki ta same shi a haƙarƙari. Ya zube yana shure-shure, ɗayansu ya bi shi da ƙafa a ciki, ya ƙara, kamar mai gwada taya. Wani ya kwaɗa wa matar mari, ya haɗa fuskarta da bango, ya murɗe mata hannu har dutsen ya faɗi.

Sai wata jami'a ta shigo, tana ɗaga ƙafa kada ta taka gilashi, da ɗan allo mai haske a hannu.

"Ke ce uwar?"

"Ni ce."

"Haka kowa ke cewa. Ga doka, baiwar Allah. Gidan da aka lalata Mai Reno, hukuma ke ɗauke yaro, sai fa idan uwar ta kira shi ya zo da ƙafarsa. Sake ta," ta ce wa mai riƙe da uwar. "Kira ta mu gani. Ina da wasu gidajen."

Mai guga ta durƙusa. "Tattabara, zo. Zo wajen mamanki." Muryar ta fito a shaƙe, tana rawa. Yarinya ta ja da baya, ta ƙanƙame hannun roba.

"Don Allah, 'yata, ni ce fa! Ni na haife ki!" Ta miƙa hannu mai shatin haƙora. Yarinya ta ƙwala ihu ta ɓuya bayan kujera. Jami'ar ta yi tsaki, ta yi wa ɗaya daga cikin mutanenta nuni da haɓa. Ya taka wajen yarinyar.

"Tsaya," in ji uwar.

Ta share jinin hancinta. Ta san abar nan ciki da waje, ai ta sha tsayawa a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa tana kallon ta da ƙiyayya. Ta miƙe bayanta sambal. Ta buɗe hannaye daidai yadda na'urar ke buɗewa, ba sama ba, ba ƙasa ba. Ta kwashe duk abin da ke fuskarta, ta bar murmushi kawai. Sannan ta ɗora harshe a dasashi ta yi ƙarar: ƙirrin.

Kan yarinyar ya leƙo daga bayan kujera.

"Zo nan, Tattabarata," ta ce, a hankali, ba hawa ba sauka. "Babu komai. Mama tana nan."

Hannun roba ya faɗi ƙasa. Yarinya ta tako ta cikin gilashin, ta shige ƙirjinta, ta kwantar da kai. "Mama," ta ce.

Jami'ar ta danna allonta. "Shi ke nan. Za a kawo muku sabuwa kafin yamma." Suka fita, suka tsallake mijin da ke nishi a ƙasa.

Wannan ne karo na farko da 'yarta ta kira ta haka. Ta so ta matse ta har ƙasusuwansu su haɗu, ta so ta fasa kuka. Amma Mama ba ta matsewa, kuma Mama ba ta kuka. Sai ta bar hannayenta a sandare, ta riƙe murmushin, ta ci gaba da bubbuga bayan yarinyar a hankali, bugu ɗaya daidai da ɗan'uwansa.